Kuɗin kai intanet karkara: ina suke maƙalewa, kuma ta ina za a fara gyara?

Wani malamin makaranta daga ƙasar Baure, a masarautar Daura, ya yi tambaya kamar haka: "Shekara da shekaru muna jin an ware kuɗi don kai intanet mai sauri ƙauyuka. A garinmu har yau sai mutum ya hau tudu ko ya nufi bakin titi kafin saƙo ya tafi, wani lokacin ma layin Nijar wayar ke kamawa. Kuɗin ne suka yi kaɗan, ko tsarin ne ba daidai ba? In gyara za a yi, ta ina za a fara?"

Malam, kuɗin ba su kai buƙata ba, wannan gaskiya ne. Amma ko an ninka su sau uku, muddin yadda ake biyan su bai canza ba, garinku zai iya zama jiya i yau. Inda gizo ke saƙar shi ne, akasarin tallafin kuɗin gini ne. Ana sallamar ɗan kwangila ranar da ƙarfen sabis ya miƙe aka yanke ƙyalle, babu wanda aka ɗaure wa wuya cewa wayarka ta riƙa kamawa bayan shekara uku. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawar kullum ce.

Bari mu fara da inda kuɗin ke fitowa. Dokar sadarwa ta 2003, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ke aiki da ita, ta tanadi asusu na musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba za su je da kansu ba. Shi ne ake kira USPF. Mafi yawan abin da ke shiga cikinsa wani kaso ne na harajin shekara da kamfanonin waya ke biyan NCC, harajin da ya kai kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin shigarsu. Ka ga ke nan kuɗin katin da mutanen Baure ke sayawa a cikin wahala yana cikin asusun. Ban da shi akwai kasafin ma'aikatar sadarwa, da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, da abin da jiha ta ga dama ta saka, da kuma shirin shimfiɗa wayar faiba, wato siririyar wayar gilashi mai ɗaukar intanet mai sauri, mai tsawon kilomita 90,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024. Burin ma an rubuta shi ƙarara a tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025: aƙalla megabit 10 a sakan a karkara, 25 a birni, kuma gigabait ɗaya na data kada ya wuce naira 390. Takarda dai ba ta da laifi.

Me ya hana kamfani zuwa da kansa? Lissafi. Ƙarfen sabis a unguwar Ƙofar Kaura a cikin Katsina yana da dubban masu sayen data a kewayensa, ga titi, ga faiba a kusa. Irinsa a ƙauye mai mutum dubu uku, waɗanda rabinsu ƙaramar waya suke riƙewa, kuɗin kafa shi ya fi yawa, abin da yake kawowa a wata kuma ba ya biyan man janareta da mai gadi. Ƙaramin janareta mai shan lita biyu da rabi a awa, in ya kwana ya wuni yana aiki, lita 1,800 ta man gas yake sha a wata. To in gwamnati ta biya kuɗin kafawa kaɗai, ta rage wa kamfanin asarar rana ɗaya ce, ta bar masa asarar kowane wata. Da batir ya mutu ko aka sace waya, sai manaja ya duba littafi ya ga gyaran ba riba, a bar ƙarfen tsaye tsuntsaye suna sheƙa a kansa. A rahoton hukuma kuwa garin yana cikin waɗanda aka kai wa sabis.

Saboda haka gyaran farko a taswira yake, tun kafin a taɓa ko kwabo. USPF tana ƙirga yankunan da ba su da sabis, kuma alƙalumanta sun nuna sun ragu daga 207 a 2013 zuwa 97 a 2022. An ci gaba, ba shakka. Matsalar irin wannan ƙidaya ita ce ta dogara da abin da kamfanoni suka bayar, su kuma kwamfuta ce ke zana masu da'ira a kewayen kowane ƙarfe, ta ce duk wanda ke ciki yana da sabis. Kwamfutar ba ta shiga ɗakin ƙasa mai rufin kwano ba, ba ta san kwari ba, ba ta san ƙarfen ya yi wata biyu a kashe ba. Amurka ta sha wannan ɗacin: shekaru da dama in gida ɗaya a yanki yana da intanet, sai a lissafa yankin duka a matsayin mai intanet, sai a 2022 suka fitar da sabuwar taswira ta gida-gida, suka buɗe ƙofar ƙalubalantarta. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Ba abin da zai gagara ba ne a auna kowace mazaɓa da waya a hannu: wuri uku aƙalla, makaranta, asibiti da kasuwa, sau biyu a rana, da hantsi da kuma bayan magariba lokacin da kowa ke kan layi, a kowane layi, a rubuta sauri da lambar wurin a taswira. A maimaita da damina, domin ruwan sama mai ƙarfi yana raunana saƙon da ke tafiya ta iska tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sannan a wallafa sakamakon, a ba dagatai da shugabannin makarantu kwana sittin su ce ba haka ba ne. Garuruwan bakin iyaka irin na Baure, Zango da Mai'adua suna buƙatar shafi nasu daban, domin wayar da ta kama layin Nijar a takarda tana da sabis, a aljihun mai ita kuwa kuɗin yawon ƙetare ake cira.

Na biyu, yadda ake zaɓen wanda za a ba kuɗin. Hanyar da ƙasashe irin su Chile da Peru suka gwada tun shekarun 1990 ita ce gwanjo a baibai. Hukuma ta haɗa garuruwa rukuni-rukuni, ta faɗi irin sabis ɗin da take so, kamfanoni su yi tayi, wanda ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi ya ci. Amfaninsa shi ne ba jami'i ne zai zauna a ofis ya yanke farashi ba. Sai dai araha ba ta ado. A gwanjon da Amurka ta yi a 2020, na kusan dala biliyan 9.2, an sami kamfanonin da suka karya farashi don su ci, daga baya da yawa suka janye, hukumar sadarwar ƙasar kuma ta soke na wasu a 2022, ciki har da na kusan dala miliyan 885 da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya ci. Garuruwan da ke cikin waɗannan rukunan sun yi zaman jiran gawon shanu, don an cire su daga jerin wasu tallafin bisa zaton an riga an gama da su. Darasin shi ne a tantance mai tayi kafin gwanjo, ba bayansa ba: lasisinsa, wuraren da ya taɓa kafawa kuma suna aiki, da takardar lamunin banki da za a iya karɓa in ya gudu. Rukunan kuma kada su yi girma. An taɓa raba ƙasar nan shiyya-shiyya aka ba kamfanoni lasisin shimfiɗa faiba, Arewa maso Yamma duka a hannun kamfani ɗaya, tallafin da aka yi alkawari bai fito yadda aka tsara ba, aikin ma bai je ko'ina ba. Rukunin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, girman da ya dace ne: ya isa ya ja hankalin babban kamfani, bai kuma fi ƙarfin matsakaici ba. A cikin kowane rukuni a gauraya gari mai kasuwa da ƙauyen da ba ta, kada a bari a tsince tsoka a bar ƙashi.

Na uku, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan gyaran duka, jadawalin biya. Ga tsarin da zan ba da shawara: kashi 20 a farko bisa lamunin banki, kashi 30 ranar da wani mai aunawa mai zaman kansa ya tabbatar sabis ya kai saurin da aka yi alkawari, sauran kashi 50 kuma a riƙa biya duk wata uku har shekara biyar, gwargwadon yadda ƙarfen ya yi aiki. A sa ma'auni: kashi 97 cikin 100 na lokaci, wato kada ɗaukewar sabis ta wuce kimanin awa 22 a wata. Ya gaza, a zaftare masa. Ya gaza zango uku a jere, a karɓi lamunin a ba wani wurin. Ba sai an tura jami'i a mota ba, kowane ƙarfe yana aika bayanan kansa zuwa cibiyar kamfani dare da rana, abin da ake buƙata a kwangila shi ne hukuma ta riƙa ganin bayanan kai tsaye, ba a taƙaice a takardar da kamfanin ya tsara ba.

Kamfanoni za su yi ƙorafi, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Kayan nan da dala ake sayen su. Dalar da take kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 a ƙarshen shekarar. Wanda aka ce ya jira rabin kuɗinsa shekara biyar, kuma mai biyan gwamnati ce da aka san halinta wajen jinkiri, dole ya tsawwala tayi. Maganinsa abu biyu ne. A ajiye kuɗin shekaru biyar ɗin gaba ɗaya a asusun amana tun ranar sa hannu, yadda canjin minista ko na kasafi ba zai taɓa su ba. Sannan a rubuta yadda za a daidaita biyan duk shekara da hauhawar farashi. In ba a yi wannan ba, kamfanonin kirki ba za su shiga gwanjon ba, sai 'yan a-ci-a-gudu.

Sai abin da za a rubuta a kwangilar game da kayan aiki, don nan ake yin kitso da ƙwarƙwata. Kada hukuma ta tilasta irin fasahar da za a yi amfani da ita, amma abu biyu dole ta sa ido a kansu: wuta da jijiya.

Wuta tukuna. Ɗauki matsakaicin wurin karkara mai cin kilowat ɗaya. A kwana yana buƙatar kilowat-awa 24. Rana ba ta yi mana rowa a Katsina ba, amma in ka cire asarar zafi da ƙura da ta waya, kowane kilowat na farantin sola zai ba ka kamar huɗu zuwa huɗu da rabi a rana. Ke nan kana buƙatar kilowat shida, faranti goma sha ɗaya ko sha biyu masu wat 550. Daren da zai kai awa goma sha huɗu ba caji, haɗi da ranar hadari ko hazo, yana son ajiyar da ta kai kilowat-awa 30, wato batiran litiyam shida ko bakwai masu bolt 48 da amfiya-awa 100. Abin da ɗan kwangila mai son ragi ke yi shi ne ya sa faranti takwas da batira huɗu. Ranar ƙaddamarwa da tsakar rana komai lafiya lau. Da hunturu ya shigo ƙura ta lulluɓe farantan, sai sabis ya riƙa ɗaukewa ƙarfe uku na dare, ba ya dawowa sai hantsi. In kuma tsohon samfurin batir mai ruwa ya saka, zafin Afrilu da Mayu zai gama da shi, domin ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba rayuwar irin wannan batir biyu. Shi ya sa kwangila ta ƙunshi wanda zai riƙa wanke farantan duk mako a lokacin hazo. Aikin yaro ɗaya ne da bokiti da tsumma, amma rashinsa yana kashe wurin miliyoyin naira.

Jijiya kuwa ita ce hanyar da ke kawo wa ƙarfen intanet ɗin daga babban layi, ko faiba, ko faranti mai kallon wani ƙarfen, ko tauraron ɗan'adam. Ka taɓa ganin mai POS ranar kasuwar Mai'adua yana ɗaga na'urarsa sama, wayarsa tana nuna 4G cike, amma kuɗi sun fita daga asusun mai saye, takarda ta fito ta ce ba su shiga ba? Sau da yawa ba ƙarfen ne ya gaza ba, jijiyar ce ta toshe. Mutum 500 a kan ƙarfe ɗaya, kowa yana jan kilobit 200 kacal, megabit 100 ke nan. In jijiyar megabit 20 ce, alamar waya za ta cika, shafi ba zai buɗe ba. Don haka a rubuta girman jijiya a kwangila, a kuma auna sauri a lokacin cunkoso. Game da zangon iska da saƙon waya ke bi, ƙananan zangon megahaz 700, 800 da 900 su suka fi tafiya nesa da ratsa bango, su suka dace da ƙauyukan da ke warwatse. Duk ƙarfen da aka kafa da kuɗin jama'a kuma ya zama a buɗe ga kowane kamfani a kan farashin haya da aka wallafa, don kada mutanen gari su zama bayin layi ɗaya.

Faiba ita ce maganin dindindin, kuma a nan jiha ke da ta cewa fiye da Abuja. An daɗe da amincewa a matakin ƙasa cewa kuɗin izinin haƙa kada ya wuce naira 145 a kan mita ɗaya, kuma Katsina tana cikin jihohin da suka rungumi wannan a 2020. Duba bambancin: daga Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne. A kan 145, naira miliyan 11.6 ke nan. Da 3,000 ake karɓa, kamar yadda wasu jihohin suka riƙa karɓar dubbai, da miliyan 240 ne kafin a sari ƙasa. Amma saukar da wannan kuɗin kaɗai bai isa ba in ƙaramar hukuma da hukumomin tsara gari da na muhalli kowa zai zo da tasa takardar haraji. A mayar da izinin ƙofa ɗaya, da wa'adin kwana talatin. Abu na biyu, haƙa ita ke cin mafi yawan kuɗin shimfiɗa faiba, ba wayar ba. Duk titin da jiha za ta gina, a sa bututun roba a gefensa, zurfin mita ɗaya ko fiye, da ramin dubawa a tazara, a riƙa ba kamfanoni haya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya dama ce irin wannan. Inda haƙa ba ta biya ba, a rataya wayar a turakun kamfanin wutar lantarki na KEDCO. Babban mai yanke faiba a ƙasar nan kuwa ba ɓarawo ba ne, katafilar aikin titi ce. Tun 2024 an ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, amma abin da zai yi tasiri a aikace shi ne a sa wa ɗan kwangilar titi sharaɗin neman taswirar wayoyi kafin haƙa, in ya yanke a cire kuɗin gyara daga kuɗinsa.

Tsaro ba a tsallake shi. Kafa ƙarfe a Sandamu da kafa shi a Batsari ko Faskari ba kuɗi ɗaya ba ne, kuma in aka haɗa su a gwanjo ɗaya, ko dai ba mai tayi, ko a ci a ƙi zuwa. A ware masu rukuni da tallafi mafi tsoka, a fi dogaro da sola don rage zirga-zirgar motar mai. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, har tsawon watanni. Kowace kwangila ta faɗi wa zai ɗauki asara in gwamnati ce da kanta ta ce a kashe, in ba haka ba mai zuba jari zai sa wannan fargabar a farashi.

Akwai kuma wani kashe kuɗi da ya kamata a rage: ɗakin kwamfuta. A kawo kwamfutoci makaranta, a biya intanet na shekara ɗaya, a ɗauki hoto. Shekara ta zagayo kuɗin ya ƙare, ba layi a kasafin makarantar na sabuntawa, sai a sa kwaɗo. Gara a juya kuɗin: gwamnati ta zama babban mai saye. Ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar ta biyan intanet na sakandare, da asibitin sha-ka-tafi, da sakatariyar ƙaramar hukuma a kowane rukuni. Wannan kuɗin shiga ne tabbatacce da kamfani zai iya kai wa banki, yana kuma rage tallafin da zai nema a gwanjo. Ga ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB a kwamfuta kuwa, ɗaki mai kwamfuta goma da ke aiki ya fi mai arba'in da ke kulle.

Ta ɓangarenku, Malam, ba sai kun jira an gyara doka ba. Ku sami mutum uku masu babbar waya a layuka daban-daban, ku auna sauri da manhajar gwaji a harabar makaranta da bakin kasuwa, safe da dare, tsawon mako biyu, kuna ɗaukar hoton sakamakon da kwanan wata da lambar wurin. Ku rubuta ranakun da sabis ya ɗauke da awannin da ya yi, da lokutan da waya ta koma layin Nijar. Ku haɗa da kiyasin yawan jama'a, da ranar kasuwa, da adadin masu POS da masu cajin waya a garin, domin waɗannan ne alƙaluman da mai lissafin kamfani ke dubawa. Dagaci da hakimi su sa hannu, in da hali a nuna filin da gari zai bayar, kamar mita 15 a kan 15 a wuri mai tudu kusa da hanya. Kwafi ɗaya ga shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ga ɗan majalisarku na tarayya, ɗaya ga sakatariyar USPF a Abuja. In kuwa akwai ƙarfe a garin amma ba ya aiki, ku fara kai ƙara ga kamfanin ku karɓi lambar ƙorafi, in ba a gyara ba ku kira 622, layin NCC na masu ƙorafi, kyauta ne, kuma lambar nan za su fara tambayarku.